Inda Baba Arzika Ke Kashe Inji

Tun kafin ladanin Warra ya yi gyaran murya
muka tura jirgi, ni da Nomau,
ƙafa cikin taɓo, sanyi har ɓargo.
Baba Arzika ya ja igiyar inji sau uku,
inji ya yi tarin tsohon mashayin taba, ya yi shiru.
A na huɗu ya ɗaga murya da bisimilla
kamar mai magana da kurma,
sai ga shuɗin hayaƙi ya kwanta bisa ruwa.

Muka keta kainuwa, ƙaurin banda ya koma baya.
Duwatsun ƙetare sun yafa kurmi,
marke da ƙirya da maɗaci kafaɗa da kafaɗa,
gajimare ya fara naɗa musu rawani, bai ƙarasa ba.
Zalɓe guda a kan kututture
ya bi mu da idon mai karɓar haraji.
Ni kuwa na damƙe bakin jirgi hannu bibbiyu.
Malamin makaranta ne ni, na san tafkin nan a taswira,
ban san yana lilo da hanjin mutum ba.

Nomau ya bi mamarin da ya kafa jiya,
ƙugiya bayan ƙugiya, yana ƙirge da leɓe:
karfasa bakwai, ƙurungu biyu masu gunaguni,
da minjirya da ta gaishe ni a tafin hannu
har na kira sunan uwata.
Dariyarsu sai da ta karkata jirgi.

Da hantsi ya dubi ludayi
Baba ya kashe inji inda babu komai.
Ba gaɓa, ba tsibiri,
sai dutse mai tsaga a yamma, giginya tilo a gabas.
Ya daidaita su da ido kamar mai neman alƙibla.
"Nan ne," in ji shi.
"Gaba goma sha biyu ƙasa akwai tsamiya,
akwai gurbin rumbu uku,
akwai dutsen niƙan Tumba wadda ta haife ni.
Ina shekara tara aka ce ruwa na tafe.
Muka kwashe tukwane, muka kora awaki.
Kabari ne ba ya shiga kwando."

Ba wanda ya tanka.
Ruwa na ta lasar katako.
Nomau, don kunyar shirun, ya soka karfasa a fatsa ya jefa.

Ko Fatiha ba mu idar ba igiya ta miƙe,
ta yi kukan tsirkiya.
"Giwan ruwa!"
Ta ja mu kamar akuya ta ja yaro,
ta ƙona tafin Nomau, ya naɗe hannu da hula.
Sau ɗaya ta taso:
gefe kamar ƙyauren azurfa, ido garwashi,
kuɗin man wata biyu yana juyi gabanmu.
Sannan ta nutse, ta nutse,
igiya ta tsaya cik.
Ba ja, ba saki.
Ta kewaye tsamiya.

Nomau ya tuɓe riga zai faɗa.
Baba ya riƙe masa wuyan hannu,
ya zaro wuƙa daga ƙugu.
"Ta shiga gida.
Ba a bin baƙo da makami har ɗakin uwa."
Ya yanke.

Yaron ya zauna yana lissafin fetur da yatsun da suka sale,
bai ƙara duban kowa ba.
Baba ya ɓare goro, ya ci rabi,
rabin ya ajiye bisa ruwa a hankali
kamar mai miƙa wa tsohuwa.

Ja ɗaya inji ya tashi.

A bakin gaɓa mata masu daro suka leƙa cikin jirgi:
"Yau ɗan wannan ne kawai, Arzika? Ina babban?"
Ya ɗaure jirgi a turke, ya gyara ƙulli.
"Na baro shi gidanmu," ya ce,
"ana can ana ba shi ruwa."